Ana Jinyar Hanta, Wa Ke Duba Maƙogwaro da Ido?

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon hanta asibiti ya san takardun da ake miƙa masa: gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, gwajin aikin hanta, hoton ciki, wani lokacin har da gwajin ƙoda. Duk suna kan hanya. Amma a kan bencin nan da ake jiran likita akwai matar da ta shekara da shekaru tana shan maganin maƙoƙo, akwai magidancin da idonsa bai daina raɗaɗi ba tun da ya fara magani, kuma sau da yawa ba mai tambayarsu. Su ma ba za su ɗauko zancen ba, don a ganinsu ba shi ya kawo su ba. Ni a nawa ra'ayin, wannan shirun yana jawo asarar da ba ta zama dole ba, kuma nauyin fara tambayar yana wuyan wanda ya rubuta maganin hantar kafin ya kai ga mara lafiya.

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarin da ke tsara saurin tafiyar jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, barci, har da jinin al'ada. In ta gaza sai kasala, jin sanyi ana tsakar zafi, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, taurin bayan gida, mantuwa da ƙuncin rai ba gaira ba dalili. In ta zarce kuma sai faɗuwar gaba, gumi, karkarwar hannu, rama duk da yawan ci, da rashin barci. Hanta tana cikin manyan gaɓoɓin da ke juya wannan sinadari zuwa siffar da jiki ke amfani da ita, kuma ita ce ke haɗa abubuwan da ke ɗauke da shi a cikin jini. Tun a halitta ke nan ba su rabu ba. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi.

Inda likitoci suka fi ganin wannan alaƙa ƙarara shi ne zamanin allurar intaferon. An gano ƙwayar ciwon hanta nau'in C a 1989, a 1991 Amurka ta amince a yi amfani da intaferon a kanta, a 1998 aka haɗa shi da ƙwayar ribabirin, sannan a 2001 aka samu nau'in allurar da ake yi sau ɗaya a mako. A wancan lokaci mutum kan yi mako 24 ko 48 yana fama, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da zubar gashi, kuma a nau'in cutar mai taurin kai kusan rabin masu jinyar ne kawai ke warkewa. Intaferon yana aiki ne ta hanyar zaburar da garkuwar jiki, garkuwar kuwa in ta zabura ba kullum take tsayawa kan ƙwayar cutar ba. A wajen kimanin mutum 1 cikin 10 takan juya kan tayirod. Mata sun fi shiga wannan hali, haka ma wanda tun farko jininsa ke ɗauke da alamun cewa garkuwarsa na hararar tayirod ɗin. Wani ta gaza kai tsaye. Wani kuma ta fara da zarcewa na 'yan makonni, saboda ta kumbura ta zubar da sinadarin da ta tara, daga baya ta faɗi ƙasa.

Babbar matsalar ita ce alamun sun yi kama da na allurar kanta. Mara lafiya zai ce, “Likita, jikina duk ya mutu, ko tashi ba na son yi,” a ce masa ai halin maganin ke nan, ya daure. Mai yiwuwa halin maganin ne. Mai yiwuwa kuma tayirod ce ta kwanta, abin da gwajin jini guda ɗaya da ake kira TSH zai nuna, kuma 'yar ƙwaya ɗaya da safe za ta gyara ba tare da an dakatar da jinyar hantar ba. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce a yi wannan gwaji kafin allurar farko, a kuma riƙa maimaitawa kamar bayan kowane wata 3.

Wani zai ce ai wannan labarin da ne. Da gaskiyarsa, amma rabi. A Disamban 2013 aka amince da sofosbubir a Amurka, a kan dala 84,000 na mako 12, daga baya kamfanonin Indiya da Masar suka riƙa yin irinsa da araha ƙwarai. Ƙwayoyin wannan zamani suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu nau'in C a cikin mako 8 zuwa 12, ba allura, kuma ba su da tarihin lalata tayirod. Masar, wadda cutar ta yi wa katutu saboda alluran maganin tsargiya da aka yi ta yi wa jama'a da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba daga shekarun 1950 zuwa na 1980, ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin 'yan watanni a gangamin da ta fara a 2018, kuma a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a matsayin ƙasar farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Don haka in yau aka ce da mai nau'in C zai hau intaferon, yana da haƙƙin ya tambayi dalili, ya kuma nemi ra'ayin wani ƙwararren.

Sai dai mu a nan nau'in B ne ya fi damunmu. Babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuwa kashi 1.1. Yawancin masu nau'in B da ke bukatar magani ana ɗora su ne kan tenofobir ko entekabir, waɗanda ake sha shekara da shekaru, amma har gobe intaferon na mako 48 yana cikin zaɓin da ake da shi ga wasu, kuma ana amfani da shi a kan nau'in D da ke hawa kan mai B. Ribabirin ma ba a yi sallama da shi ba, ana ƙara shi ga wasu da hantarsu ta riga ta taɓu sosai. Ban da wannan, akwai ɗimbin mutanen da tun kafin a gano musu ciwon hanta suke da matsalar tayirod. Maƙoƙo ba baƙo ba ne a ƙasar nan, shi ne ma dalilin da ya sa aka wajabta sa sinadarin ayodin a gishiri tun farkon shekarun 1990. Waɗannan mutanen su ne suka fi bukatar a zauna da su, su ne kuma aka fi wucewa ta kansu.

Maganin da ake ba wanda tayirod ɗinsa ta gaza, lebotayiroksin, ƙwaya ce ƙarama mai sauƙin kuɗi, amma tana da sharaɗi. Ba ta son abokin tafiya a ciki. Ana shanta da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a karya. A gidajenmu kuwa wa ke yin haka? Uwar gida ta tashi ta dama koko, ta sallami 'yan makaranta, ta jefa ƙwayoyinta gaba ɗaya a baki ta kora da shayi mai kauri da madara. Madara tana rage abin da hanji zai tsotsa daga maganin. Kofi ma haka. Waken suya haka, kuma awara ta zama abin karyawar gidaje da yawa a Kano da Zariya da Katsina. Ba cewa ake a daina cin awara ba, a'a, a raba musu lokaci ne kawai. Wadda safiya ba ta yi mata daidai ba tana iya mayar da shan ƙwayar lokacin kwanciya, muddin an yi awa 3 da cin abincin dare, kuma ta tsaya kan lokaci ɗaya kullum. A watan azumi nan ne ake rikicewa, don tsakanin buɗa-baki da sahur ciki ba ya samun hutu. Mafita ita ce a tashi da wuri a sha kafin sahur da tazarar da aka faɗa, ko a tsara lokacin kwanciya, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi da likita tun a Sha'aban.

Akwai wani tarko da ya fi wannan kama mutane. Mai jinyar hanta ya ji kasala, dangi suka dube shi suka ce jininsa ne ya yi ƙasa, aka aika yaro kemis ya sayo maganin ƙarin jini. Kusan duk irin waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, shi kuwa ƙarfe yana kama lebotayiroksin a hanji ya hana shi shiga jini. Sai kasalar ta ƙaru, sai a ƙara cokali. In kuwa ribabirin ne ya jawo ƙarancin jinin, to fasa ƙwayoyin jini yake yi, ba ƙarfe ne ya ƙare ba, don haka maganin ƙarin jinin ba zai yi komai ba illa ya ɗora wa hantar da ke fama wani nauyin. Abin da ake yi a nan shi ne likita ya rage yawan ribabirin ɗin. Ko da an tabbatar mutum yana bukatar ƙarfe ko sinadarin ƙarfafa ƙashi, ana raba su da maganin tayirod da awa 4.

Maganin olsa shi ma haka, kuma shi ɓarnarsa biyu ce. Farin ruwan nan mai kauri da ake kurɓa in ƙirji na zafi yana tare lebotayiroksin. Sannan wasu daga cikin sababbin ƙwayoyin nau'in C, irin su ledifasbir da belfatasbir, sai da tsamin ciki suke narkewa, don haka duk abin da ya kashe tsamin, har da omefrazol da mutane ke saye ba takarda, yana rage musu ƙarfi. Mutum zai sayar da akuyarsa ko ya ci bashi ya sayi maganin mako 12, sannan kwalbar da ke gefen gadonsa ta raunana shi bai sani ba. Rifamfisin na tarin fuka da kabamazefin na farfaɗiya suna sa jiki ya zubar da sofosbubir da sauri har ba a haɗa su, kuma su ɗin dai sukan ƙara yawan lebotayiroksin da mutum ke bukata. Maganin zuciya amiyodaron in ya haɗu da sofosbubir yana iya rage bugun zuciya zuwa matakin halaka, abin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2015. Ba wanda zai ce mara lafiya ya haddace waɗannan sunaye. Abin da ake so shi ne ya zuba duk abin da yake sha a leda, har da na gargajiya da na Musulunci, ya ajiye a gaban likita, shi kuma likitan ya buɗe ledar ya duba.

Maganin tayirod yana daɗewa a jiki, kusan mako guda kafin rabinsa ya fita, shi ya sa in an canza yawansa sai an jira mako 6 zuwa 8 kafin gwaji ya nuna gaskiyar lamari. Wannan jinkirin ne ke yaudarar mutane. Wani zai daina sha don “magani ya yi masa yawa”, ya yi kwana goma bai ji komai ba, ya ɗauka dama ba ya bukata. Wata kuma za ta ninka da kanta don ba ta ga sauyi a mako ɗaya ba, ta wayi gari zuciya na dukan uku-uku. Mai juna biyu ma da ake tsorata da magunguna, wannan ba ya cikin waɗanda ake ajiyewa, hasali ma yawanci ƙara mata ake yi.

Wanda tayirod ɗinsa ta zarce kuwa lamarinsa ya fi bukatar taka-tsantsan, domin magungunan da ke dakushe ta suna iya taɓa hanta. Wanda ake taƙaita sunansa da PTU ya jawo wa wasu mutuwar hanta gaba ɗaya, har aka sa masa gargaɗi mafi tsanani a Amurka a 2010. Kabimazol ya fi shi sauƙi amma shi ma sai da sa ido. In kuma zarcewar irin ta kumburin nan ce mai wucewa, waɗannan magunguna ba su da amfani sam, abin rage bugun zuciya kawai ake bayarwa a jira. Bambance biyun aikin ƙwararre ne, kuma ba zai yiwu ba in likitan hanta da na tayirod kowa na rubutu a katinsa daban.

Sai ido. Mutanenmu suna duba idon mai ciwon hanta, amma abu ɗaya suke nema: ko ya yi ɗorawa. In fari ne tas sai a ce alhamdu lillahi, shawara ta sauka. Ƙaiƙayi da raɗaɗi da jin yashi-yashi da safe kuwa ana ɗora su kan hazo ko a ce apolo ne. Gaskiya hunturu yana busar da ido ko na mai lafiya ne, amma mai ciwon hanta yana da ƙarin dalilai. Nau'in C shi kansa yana iya taɓa sassan da ke samar da hawaye da yawu, mutum ya riƙa jin ido da baki a bushe. Intaferon yana ƙara bushewar. Hantar da ta daɗe da lalacewa kan kasa ajiye sinadarin bitamin A, abin da ke kawo bushewar ido da dundumi, kuma ko a nan ba a sayo bitamin ɗin a sha da ka, don yawansa guba ne ga hanta. Tayirod mai zarcewa irin ta garkuwar jiki ita ma tana turo ido waje, fatar ido ta kasa rufewa sosai cikin barci, shan taba kuma yana tsananta wannan ƙwarai.

Maganin yawancin wannan bushewa mai sauƙi ne: ruwan ɗigawa da ke maye gurbin hawaye, tabarau a kan babur ko in ƙura ta taso, kauce wa iskar fanka kai tsaye a fuska, da ɗan tsumma mai ɗumi a kan fatar ido. Wanda zai ɗiga fiye da sau 4 a yini ya nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, don wannan sinadarin in ya yi yawa shi ma yana cin ido. Kwalli a ajiye shi tukuna. Wanda ake yi da baƙin dutse yakan ƙunshi dalma, kuma idon da ya bushe ba ya jure gogar tsinke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwalbar da ake miƙowa a kemis in an ce ido na ƙaiƙayi. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid. Ɗigo biyu, ja ya washe, ƙaiƙayi ya tsaya, mutum ya yi ta godiya yana komawa saye. Watanni ana haka sai ruwan cikin ido ya hau, jijiyar gani ta fara mutuwa daga gefe-gefe ba tare da ciwo ba, ko yanar ido ta rufe gani tun ba a tsufa ba. Abin da hawan ruwan ido ya cinye ba ya dawowa. Mai jinyar hanta na wata 3 ko shekara guda, wanda idonsa zai yi ta damunsa tsawon wannan lokaci, shi ne daidai mutumin da zai faɗa wannan rami.

Haka kuma illar intaferon da ta fi hatsari ga ido ba ta ƙaiƙayi. A can bayan ido take, a shimfiɗar da ke karɓar haske, inda ƙananan jijiyoyin jini ke toshewa ko su tsattsafo da jini. Takan bayyana a watannin farko, yawanci mutum bai ma sani ba, kuma takan washe da kanta, amma a wajen masu ciwon suga da hawan jini tana iya yin ɓarna mai ɗorewa. Don haka ake so a leƙa bayan idon kafin a fara allurar, musamman ga waɗannan. Duk wanda ganinsa ya dusashe farat ɗaya, ko wani ɓangare na abin da yake kallo ya ɓace, ko ya fara ganin abu biyu-biyu, ko idon na ciwo mai tsanani da gudun haske, ranar zai nemi likitan ido, ba ranar da aka rubuta masa a kati ba. Muna da inda za a je: Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna, asibitin ido na ECWA yana Kano, kuma asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha suna da sashen ido.

Na san abin da likitoci za su ce, kuma ban raina shi ba. Mutum ɗaya ne a ɗaki, layi ya kai bakin ƙofa, mara lafiya da ƙyar ya haɗa kuɗin gwajin ƙwayar cutar, ta yaya za a ƙara masa wani? Amsata ita ce ba kowa ake cewa a yi wa gwajin tayirod ba. Mai shan tenofobir da ba ya da wata alama, ƙodarsa ce abin dubawa. Waɗanda ake magana a kansu sanannu ne: mai hawa intaferon, mai tarihin maƙoƙo ko maganinsa, da wanda kasalarsa ko ramarsa ta wuce abin da hanta za ta bayyana. Gano su kuwa tambaya ce, tambaya ba ta cin ko sisi. “Hajiya, akwai wani magani da kike sha kullum? Da me kike kora shi? Malam, yaya idon, kana ɗiga wani abu?” Ko ma'aikaciyar jinya da ke auna hawan jini a bakin ƙofa za ta iya yin waɗannan tambayoyin, mai ba da magani a taga kuma ya maimaita. Jihohin da suka fara shirin yaƙi da ciwon hanta, kamar Nasarawa, da waɗanda ke shirin farawa don cim ma burin kawar da cutar zuwa 2030, su sa waɗannan layuka a cikin fom ɗin karɓar mara lafiya, su kuma lissafa kuɗin gwajin TSH da duba bayan ido a cikin kuɗin jinyar duk wanda za a ɗora kan intaferon, maimakon a bar shi ya ji labarinsu bayan aljihunsa ya ƙare.

Akwai kuma rukunin da ba sa zuwa asibitin hanta yanzu kwata-kwata: waɗanda suka sha allurar intaferon shekaru goma ko fiye da suka wuce, aka ce sun warke, aka sallame su. A wajen wasu tayirod ta farfaɗo bayan an daina allurar, har ma akwai masu ci gaba da shan lebotayiroksin da mai yiwuwa sun daina bukata. A wajen wasu kuwa ba ta farfaɗo ba, kuma ba a taɓa gwadawa ba. In a gidanku akwai irin wannan, wanda tun bayan jinyar bai koma yadda yake ba, kullum cikin bargo da nauyin jiki da mantuwa, a kai shi a yi masa gwajin TSH, a kuma gaya wa likitan cewa ya taɓa yin allurar.